Madogaran Tarihi Don Tsara Wasan Yaƙi na Kan Teburi: Misali Daga Yankin Ushafa

1.0 Gabatarwa

Wasan yaƙi na kan teburi shi ne kwaikwayon wani gumurzu na tarihi ta hanyar jera 'yan gumaka a kan taswira, ana motsa su bisa ƙa'idoji. Tun shekarar 1824 rundunar Furushiya ta karɓe shi don horar da hafsoshi. Ingancinsa ya rataya ne a kan madogara, domin dole mai tsarawa ya san yawan mayaƙa da makamansu da yanayin filin daga. Wannan maƙala za ta duba inda ake samun waɗannan bayanai game da yankin Bwari, inda Ushafa take.

2.0 Madogaran

Kafin a keɓe Babban Birnin Tarayya a 1976, yankin yana ƙarƙashin masarautar Abuja (Suleja a yau), wadda Abu Ja ya kafa garinta a 1828, bayan jihadi ya fitar da Haɓen Zazzau daga Zariya. Madogara ta farko ita ce tarihin da Hassan, Makaman Abuja, da Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, wanda Frank Heath ya fassara a 1952. Nazarin M. G. Smith (1960) ya fayyace muƙaman yaƙi irin su Madawaki, na Smaldone (1977) kuwa ya bayyana tsarin runduna a daular Sakkwato. Rahotannin Turawan mulki suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna.

Sai dai akwai gyara. Yawancin waɗannan rubuce-rubuce daga bakin fada suka fito. Sarkin Abuja Ibrahim (1877–1902) ana yi masa laƙabi da Dodon Gwari, kuma laƙabin kansa ya nuna ɓangaren da ke ba da labari. Yadda Gbagyi suka riƙa fakewa a kan duwatsu, inda doki ba ya da amfani, sai an nemo shi wajen dattawa da cikin sunayen wurare, da harshensu. Wasan da aka gina kan labarin fada kaɗai zai ba mahaya fifikon da tsaunukan Ushafa ba za su ba su ba.

A nan ne masanin harshe yake da ta cewa. Fassarar Ingilishi takan haɗe lifidi da sulke a kalma guda, alhali lifidi rigar ɗinki ce da aka cusa wa auduga, sulke kuwa saƙar zobban ƙarfe ne. Nauyinsu da kariyarsu sun bambanta. Ƙamusun Bargery (1934) yana taimakawa wajen rarrabe su, amma ya kamata a gwada ma'anarsa da ta tsofaffin bayin fada a Suleja.