Rumfar Mota a Cikin Birnin Zariya

Duk wanda ya shiga Birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya miƙe zuwa Fada, sa'an nan ya ratse ya kutsa cikin lungunan Kwarbai ko Unguwar Juma ko Limancin Kona, ba sai an gaya masa ba, zai gane cewa magabatan da suka shata waɗannan hanyoyi sun auna su ne da faɗin doki da mahayinsa, da jaki da mangalarsa. Haka kuma tsarin gidan kansa, tun daga zaure zuwa ƙofar gida zuwa shigifa har cikin gida, an tanadi turken doki da makwancin baƙo da wurin karatun almajirai, amma ba a tanadi masaukin mota ba, domin ba a san da ita ba. Saboda haka a yau, idan Allah Ya hore wa mutum mota, galibi a bakin zaure take kwana, zafin bazara ya ƙone mata fenti ya tsattsaga robobinta, ƙurar hunturu ta shige mata kowace kafa, markar Agusta kuma ta kwana tana dukanta, har tsatsa ta kama ta tun ba ta biya mai ita wahalarsa ba.

Maganin wannan kuwa ba wani babban gini ba ne. Rumfa ce ta dirkoki shida da bandir guda na kwano da 'yan kai, wadda magidanci mai lafiya, da shi da 'ya'yansa ko ƙannensa, za su iya tayarwa da hannunsu, ba tare da sun kira kowa ba sai mai walda in ana bukatarsa. Sai dai abin da ya sa na ga ya wajaba a yi faɗakarwa a kai shi ne yawan rumfunan da ake gani kwance a ƙasa bayan hadarin farko, kwanonsu ya nannaɗe a gidan wani, wani lokaci ma motar da aka yi domin a tsare ita ce dirka ke faɗa wa. Dalilin haka, a ganina, guda ne: masu ginin suna duban sama kurum, suna tunanin rana da ruwan da za su sauko, alhali kuwa abubuwan da ke kashe rumfa ta ƙasa suke zuwa, wato iskar da ke shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta, da ruwan da ke kwanciya a gindinta, da garar da ke hawa cikin katakonta ba a sani ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai magana ta shari'a wadda ta riga haƙa rami. Filin da ke gaban zaure, ko da al'ada ta bar wa mai gida amfaninsa, ya yi dakali ya shimfiɗa tabarma ya tari baƙinsa, hanyar jama'a ce ta ratsa shi, kuma fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da yin bayani cewa amfanin mai gida da bakin gidansa yana tsayawa ne daidai inda cutar da mai wucewa ta fara. Ba sabuwar mas'ala ba ce: wani magini na birnin Tunis, Ibnur Rami, ya wallafa littafi guda sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini, yana tattara fatawoyin alƙalai game da katanga da taga da indararo da mashigar lungu. Ƙa'idar da duk suka dogara a kanta ita ce hana cuta da hana ramuwa da cuta. To, wanda ya kafa dirka inda makara ba za ta iya juyawa ba, ko ya karkata kwanonsa ya zuba ruwa a gindin katangar maƙwabcinsa, ya shiga haƙƙin da sai ya warware shi, in ba a gaban alƙali ba, to a gaban Wanda ba a ɓoye Masa kome. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure a Zariya ya sani, ta kwaɗaitar da mutum kada ya hana maƙwabcinsa ɗora itace a katangarsa, amma ba ta sa alƙali ya tilasta masa ba. Ma'ana roƙo ake yi, ba ƙwace ba. Saboda haka a fara da sallama ga maƙwabci, a sanar da mai unguwa, in kuwa rumfar za ta fuskanci babban titi, a tuntuɓi hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, tun kafin ta zo ta shafa jan fenti a bango.

In an sami wuri, awo ba shi da wuya. Ƙaramar mota ba ta cika wuce ƙafa 16 a tsawo da ƙafa 6 a faɗi ba, don haka rumfa mai ƙafa 20 da ƙafa 10 ta wadatar a buɗe ƙofa a fita ba tare da an goga kafaɗa ba, tsayinta kuma kada ya gaza ƙafa 8 a gefen da ya fi ƙasa. A kafa turaku a ja igiya, kuma domin kusurwa ta tsaya daidai, a auna ƙafa 3 a igiya guda, ƙafa 4 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta yi. Wannan hisabi ne da masana lissafi suka sani tun dubban shekaru, kuma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba.

Dirka ita ce asalin al'amari, a nan kuma ya kamata a daɗe. Magina na da sun dogara ga azara, wadda ake tsagawa daga giginya, domin gara ba ta iya mata, ga kuma ƙirya da maɗaci masu tauri. Amma giginya ta yi ƙaranci, abin da ya cika kasuwa yanzu farin katako ne mai taushi, wanda gara ke cinyewa ta ciki ta bar fatar waje tana sheƙi, mai gida na ganin dirkarsa lafiya lau har ranar da yaro zai jingina da ita. Wanda ke da hali ya sayi bututun ƙarfe mai inci 3, ya sa mai walda ya liƙa masa guntun rodi a gicciye a gindi domin ya kama kankare, da ɗan faranti a kai inda katako zai zauna, ya kuma toshe bakin bututun, domin in an bar shi a buɗe ruwa zai taru a ciki ya ci ƙarfen daga inda ido ba ya gani. A shafe shi da jan fentin nan mai hana tsatsa kafin a kafa, ba bayan an kafa ba. Wanda kuwa katako ya samu, ya nemi busasshe, ya shayar da shi maganin gara ko baƙin mai har ya ƙoshi, musamman bakin da aka yanka, kuma kada ya binne shi cikin ƙasa. Ya ɗora shi a kan ƙarfen da aka dasa cikin kankare, ya zama akwai tazarar 'yan yatsu tsakaninsa da daɓe. Ramin kowace dirka ya kai zurfin ƙafa 2, a cika shi da kankare na kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a tayar da kansa ya ɗan yi tozo sama da ƙasa domin ruwa ya gangare. Kada a ga kamar wannan kankare ɓarnar dukiya ce, domin ba nauyin kwano yake ɗauka ba, kwano ba shi da wani nauyi. Aikinsa shi ne ya riƙe rumfa a ƙasa ranar da iska ta so tafiya da ita. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, balle in cikin hunturu aka zuba, lokacin da busasshiyar iska ke tsotse danshinsa tun bai nuna ba.

Kowane Bazazzagi ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma mafi tsananinsa shi ne na farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, da na ƙarshenta, sa'ad da iska ke riga ruwa isowa, ta turnuƙe gari da jar ƙura. Rumfar da aka buɗe bakinta gabas aka toshe sauran ɓangarorinta uku ta zama kamar buhun da aka tara wa iska, ba abin da zai hana ta kumbura ta tsinke. Abin da ya fi shi ne gefenta mai ƙasa ya dubi gabas, ko katangar gida ta kare ta ta wannan fuska, a kuma bar wa iska mafita. Bayan haka sai ɗauri, wanda ya zama silsila ba yankewa tun daga kwano har ƙasa: kwano a jikin katakon tubaitu, tubaitu a jikin katakon tubaifo, tubaifo a jikin dirka. Ƙusa kaɗai ba ta isa a waɗannan mahaɗai ba, domin iska sama take ja, ƙusa kuwa ta inda ta shiga take fita. Sai an naɗe kowace mahaɗa da langa-langa ko waya mai kauri, ko a huda a sa noti. Tazarar tubaitu kada ta wuce ƙafa 2 da rabi, kuma a ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwoyi, domin nan iska ke fara sa hannu.

Shi kwano, a ba shi gangare na kusan ƙafa 2 cikin ƙafa 10, a ɗora falle kan falle da tudu ɗaya da rabi a gefe da inci 6 a tsawo, a fara jerawa daga ƙasa zuwa sama. Ƙusa mai hula ake bugawa, a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa inda ruwa ke gudu ba. Na sha ganin wanda ya buga a kwari domin ya fi sauƙin samun katako, ya wayi gari rumfarsa tana yoyo layi-layi a kan gilashin mota. Kuma a ɗaga kai a dubi wayar lantarki kafin a miƙa falle sama.

Saura babbar mas'ala ga mutanen cikin ganuwa, wato katangar ƙasa. Ginin tubali yana iya shekara ɗari in kansa a rufe yake, gindinsa kuma a bushe, kuma dukan hikimar maginan Zazzau, da rawanin soro da indararo mai tsawo da yaɓen makuba da laso, a kan nisanta ruwa daga jikin gini take. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, wanda masana gini na ƙasashe ke zuwa kallon bakan gizonsa, bai kai zamaninmu ba sai da yaɓe na kowace shekara, daga baya kuma, a shekarun 1970, aka kewaye shi da sabon gini ya lulluɓe shi. In haka ne halin aikin Babban Gwani, ina ga katangar zauren talaka? Saboda haka kuskure ne babba a huda katangar ƙasa a cusa katakon rumfa, domin duk motsin da iska ta yi wa kwano sai ya girgiza ramin, ya buɗe shi, ruwa ya bi. Rumfa ta tsaya da ƙafafunta, gangarenta ya nisanci katanga, in kuma akwai indararon soro da ke zuba a wajen, a ƙara masa tsawo ko a karɓe ruwansa da bututu, kada a bar shi yana dukan kwano yana fantsama a bango.

Ruwan nan kuwa ba kaɗan ba ne. Zariya tana samun kimanin milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, rumfa mai ƙafa 20 da 10 kuma ta kai murabba'in mita 18, wato lita 18,000 ke sauka a kanta kowace damina, duro 90 ke nan na mai lita 200. Wanda ya saki wannan a lungu ya haƙa kwazazzabo a ƙofar gidansa da kansa. Wanda kuwa ya sa magudana a bakin kwano ya kai ta cikin duro ko tanki, ya sami na wanki da wankin mota a garin da kowa ya san darajar jarkar mai ruwa, da sharaɗin ya bar ruwan farko ya wanke ƙurar rani ya zube, ya kuma rufe bakin duron saboda sauro. Abin da ya yi saura a yi masa hanya ta siminti har kwata. Daɓen rumfar ma ya ɗara ƙasar waje da kamar inci 4, ya ɗan gangara waje. In siminti ya yi tsada, birji da aka daɓe da kyau aka zuba masa tsakuwa ya isa.

Game da zafi, kwano tsirara yana gasa abin da ke ƙarƙashinsa a watan Maris, amma zana ko asabari da aka ɗaura a ƙasansa, da 'yar tazara tsakani, tana rage wannan ƙwarai, kuma ita ce za a rataya a gefen arewa maso gabas lokacin hunturu, a naɗe ta kafin hadari ya fara. In rumfar tana manne da tagar ɗakin kwana, kada a bar inji yana aiki a cikinta da sunan ɗumama mota, domin hayaƙinsa guba ne mai kisa, ba ya kuwa sallama.

Lokacin aikin shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙasa ta bushe, katako ya gama motsinsa, kankare kuma zai sami watanni ya yi ƙarfi kafin a jarraba shi. Sa'an nan kowace shekara, in Maris ya kama, mai gida ya hau tsani ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya sake wadda ta ɗago, ya liƙe hudar da ta buɗe da kwalta, ya kwashe ganye da ledar da suka toshe magudana, ya ƙwanƙwasa kowane katako da guduma ya saurara, in ya ji amon holoƙo ya san gara ta riga shi, sai a canza. Gindin dirkar ƙarfe kuma, daidai inda ta haɗu da kankare, a kankare tsatsarsa da burushin waya a sake masa fenti.