Shirin Musamman: Mahaɗin da ke Ƙirga Masu Ciniki a Kasuwar Iyaka

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Gaisuwa ga mutanen Gaya da Tanda da Bana da Bengu da Tunuga da Yelu, da 'yan uwa na tsallaken kogi a Malanville, da na Kamba a jihar Kebbi. Shirinmu na yau na masu tallar haja a waya ne: Alhaji mai siton gwanjo, Hajiya mai atamfa da turare, manomin rake da shinkafa, da samarin da ke riƙe wa iyayen gidansu shafukan intanet. Za mu yi magana a kan gajeren mahaɗi, wanda in an latsa shi yake tura mutum inda kake so, kuma ya rubuta maka cewa wani ya zo. Yaya ake kafa shi, yaya ake kula da shi, kuma a ina lissafinsa ke yaudarar mai shi? Ku gyara zama.

(KIƊA)

Duk mai sana'a a Gaya ya san hanya ba ta da tabbas. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, mashigar Kamba kuwa ba a buɗe ta ba sai watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta tsaya cik. Manyan motoci suka yi layi, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma bin Lome da Burkina Faso, fasinja suka koma jirgin ruwa. Da aka janye takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe.

Lambar waya ma ba ta tsira ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2024 ƙasar Benin ta ƙara 01 a gaban lambobinta, suka tashi daga lamba 8 zuwa 10. Duk wanda ya buga tsohuwar lamba a allon shago ko a kati ko a jikin buhu, gyara ya kama shi.

A irin wannan hali ciniki ya ƙara komawa cikin waya. Ana ɗora hoton dila a WhatsApp, ana yin bidiyon atamfa a TikTok, ana tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza. Sai tambaya biyu suka taso wa ɗan kasuwa. Ta farko, in na sauya layi ko na sauya shafi, ta ina abokan cinikina za su same ni? Ta biyu, cikin tallace-tallacen da nake kashe wa kuɗi, wanne ne yake kawo mini mutane? Mahaɗin da muke magana a kansa an yi shi ne domin waɗannan tambayoyi biyu.

(KIƊA)

To, yaya yake aiki? Ku ɗauki ɗan kamasho a tashar Gaya. Fasinjan Dosso ba ya haddace lambar mota. Wurin ɗan kamasho yake zuwa, shi kuma ya nuna masa motar da ke lodi yau, ya rubuta a takarda cewa an ƙaru da mutum ɗaya. Gobe motar ta sauya, amma ɗan kamasho yana nan a mazauninsa. Haka mahaɗin yake. Adireshi ne gajere wanda ba ya sauyawa. Idan an latsa shi, wayar mai latsawa za ta tambayi kwamfutar da ke riƙe da adireshin, ita kuma ta amsa cewa abin da kake nema yana wuri kaza. Kafin ƙiftawar ido mutum ya isa. A cikin wannan ɗan lokaci kwamfutar ta rubuta rana da sa'a, da irin wayar, da ƙasar da take zaton daga can aka latso.

Amsar da kwamfutar ke bayarwa tana da lamba, kuma nan ne masu kafawa da yawa ke tuntuɓe. Lamba 301 tana nufin an tashi ke nan har abada. Waya in ta ji haka tana iya haddace sabon wurin, gobe ta wuce kai tsaye ba tare da ta biyo ta wurinka ba. Ka ga ƙirga ta ragu, kuma in ka sauya inda mahaɗin ke kaiwa, tsohon abokin ciniki zai ci gaba da zuwa kango. Lamba 302 ko 307 kuwa tana nufin na ɗan lokaci ne, kullum sai an dawo an tambaya. Wanda ke son ƙirga, kuma yake son ya riƙa juya akalar mahaɗinsa, 302 ko 307 zai ce a sa masa. Ku riƙe wannan, ko da ba ku riƙe komai ba cikin lambobin yau.

(KIƊA)

Hanyar kafa shi iri biyu ce. Ta farko ita ce a je wurin kamfanonin da ke gajarta adireshi, irin su TinyURL da aka kafa a 2002, ko Bitly da aka kafa a 2008. Ka buɗe asusu, ka liƙa dogon adireshinka, su ba ka gajere. Da waya kaɗai ana gama wannan kafin shayi ya huce. Sai dai gidan na wani ne. A wasu kamfanonin, sauya inda mahaɗin ke kaiwa ko ganin cikakken lissafi sai an biya kuɗin wata.

Ga abin da ya faru da mahaɗan kamfanin Google, masu farawa da goo.gl. An buɗe hidimar a 2009, mutane suka buga irin waɗannan adireshi a littattafai da jaridu da alluna. A 2018 kamfanin ya sanar zai daina ba da sababbi. A watan Yulin 2024 ya ce tsofaffin ma za su daina aiki ranar 25 ga Agustan 2025. Daga baya ya sassauta, ya ce zai bar waɗanda ake amfani da su, sauran kuwa ya kashe su. Idan kamfani mai girman Google zai rufe irin wannan hidima, ɗan kasuwar Gaya ya kwana da sanin cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Hanya ta biyu ita ce ka mallaki sunan shafinka. Sunayen Nijar suna ƙarewa da .ne, na Benin da .bj, na Najeriya da .ng, akwai kuma .com na kowa da kowa. Ana biyan kuɗin suna shekara-shekara, a kuma yi hayar wurin ajiye shafin. A kan wannan suna ne masanin kwamfuta zai ɗora maka manhajar kyauta mai suna YOURLS, wadda aikinta ke nan, gajartawa da ƙirgawa. In kuwa shafinka a kan WordPress aka gina shi, akwai ƙananan manhajoji irin su Pretty Links da Redirection da ke yin wannan aiki. Daga nan duk mahaɗin da ka fitar da sunan shagonka zai fara. Mai ciniki ya ga suna ya gane ka, kai kuma ranar da ka ga dama ka juya shi inda kake so.

(KIƊA)

Yanzu sai tsarin talla. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi mahaɗi ɗaya a watsa shi ko'ina. Ƙirga za ta hau, amma ba za ka san daga ina aka zo ba. Ƙa'idar ita ce, kowace ƙofa da nata mahaɗin.

A ce Hajiya tana sayar da atamfa. Sai ta yi mahaɗi huɗu, dukansu suna kaiwa ga lambarta ta WhatsApp. Ɗaya ta sa masa suna "rediyo", shi za a karanta a tallar rediyo. Ɗaya "kamba", na katin da dillalinta ke rabawa a Kamba. Ɗaya "tiktok", ɗaya kuma "leda", wanda za a mayar lambar QR a buga a jikin ledar shagon. Ƙarshen wata ta duba ta ga wace ƙofa ce ta fi shigo da mutane. Sunan ya zama gajere, ƙananan haruffa, wanda za a iya faɗa da baki a rubuta ba kuskure. Gara a guje wa haruffa masu lanƙwasa a cikinsa, domin ba kowace waya ke da su ba.

Mahaɗin WhatsApp yana farawa da wa.me, sai lambar ƙasa, sai lambar wayar, ba alamar tarawa. Nijar 227, Benin 229, Najeriya 234, kuma a lambar Najeriya ana cire sifirin farko. Ana iya haɗa shi da rubutaccen saƙo, kamar "Salam, daga rediyo na ji tallar". Da saƙon ya shigo Hajiya ta san mafarinsa ko ba ta buɗe wani lissafi ba. Masu babban shafi kuma, waɗanda ke aiki da Google Analytics, suna liƙa wa dogon adireshin alamomin UTM, masu faɗin tushen baƙo da sunan tallar. Gajeren mahaɗi yana ɓoye wannan jela duka.

Amfanin tsarin yana fitowa ranar da layi ya ɓata ko aka rufe shafi. Hajiya ba za ta sake buga leda ko kati ba. Za ta shiga ta sauya lambar da mahaɗan ke kaiwa, shi ke nan.

(KIƊA)

Sai dai, masu saurare, a karanta ƙirgar nan da hankali, musamman a gari irin namu.

Na farko, ba kowace latsawa ce ta mutum ba. Idan ka liƙa mahaɗi a WhatsApp ko Facebook, manhajar tana leƙa shi da kanta domin ta fito da ɗan hoton da ke bayyana a ƙarƙashin saƙo, kuma wannan leƙen yana iya shiga lissafi. Gwajin da kai da yaranka kuka yi shi ma yana ciki.

Na biyu, batun ƙasa. Mutumin Gaya yana iya riƙe layin Airtel ko Moov ko Zamani, a aljihunsa kuma ga layin Benin ko na Najeriya. Manhajar ba ta ganin inda ƙafarsa take. Adireshin da kamfanin layi ya ba wayarsa take gani. Wanda ke zaune a Gaya ya latsa da layin Benin, a Benin za a rubuta shi. Wanda ya latsa da layin Nijar kuma sau da yawa Yamai za a nuna, ko da yana Tanda. Saboda haka kada Alhaji ya ga an rubuta Benin da yawa ya ɗauka kasuwarsa ta buɗe a Paraku. Sunan da ka sa wa mahaɗin ya fi taswirar manhajar gaskiya, shi ma in ba a yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu ba.

Na uku, latsawa daban, ciniki daban. Ƙofar da ta kawo ɗari suka kalla suka wuce ba ta kai wadda ta kawo goma biyar suka saya ba. Littafin shago ne zai raba wannan gardama. A riƙa tambayar mai saye inda ya ji labari, a rubuta kusa da kuɗin da ya biya.

(KIƊA)

Kulawa kuma ba ta da wuya, naci take so. A buɗe shafi a littafi, a rubuta kowane mahaɗi, da inda yake kaiwa, da inda aka buga shi, da ranar. Sau ɗaya a wata a latsa su duka, kada wani ya mutu yana nuna lamba 404 ba a sani ba. Mahaɗin da aka riga aka buga a buhu ko a allo kada a goge shi ko tallar ta ƙare, a juya shi zuwa babban shafin shago. A rubuta ranar sabunta sunan shafi, domin in wa'adi ya wuce wani yana iya sayen sunan, ya gaje duk masu zuwa wurinka. Sannan rajistar sunan da kalmar sirri su kasance da sunan mai dukiya. Alhaji, yaron da ya kafa maka yana iya tafiya Yamai ko Kwatano neman na kansa. Kada ya tafi da mabuɗin shagonka.

Saura batun amana. Macuta ma da gajeren mahaɗi suke aiki, tunda yana ɓoye inda zai kai mutum. Su ne masu turo saƙon kyautar data ko tallafin kuɗi, a ce ka latsa ka sa lambar sirrinka. Mahaɗin Bitly in ka ƙara alamar tarawa a ƙarshensa zai nuna maka inda ya dosa kafin ka shiga. Ɗan kasuwa na gari kuwa ya faɗa wa mutane inda mahaɗinsa ke kaiwa, kuma kada ya taɓa neman lambar sirrin kowa.

Doka ma tana nan. Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, an sabunta ta a watan Disamban 2022, hukumar HAPDP ce ke sa ido a kanta. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a 2023. Ƙirga yawan masu zuwa aikin kasuwa ne. Tattara lambobin mutane a sayar, ko tura wa wani mahaɗi domin a bi sawunsa, wannan cin amana ne, kuma yana iya kai mutum gaban alƙali.

(KIƊA)

Jama'a, ga abin da za ku yi a wannan mako. Ku duba allunanku da katunanku da ledojinku, ku ga wace lamba ko wane adireshi ke jiki, kuma sunan wa ke kan rajistarsa. Kafin ku sake kai aiki wurin mai ɗab'i, ku kafa mahaɗin da ke hannunku, ku ba kowace talla nata, ku ajiye littafin ciniki kusa. Wanda bai iya ba ya nemi wanda ya iya, amma ya zauna a kafa a gabansa, ya karɓi kalmar sirrinsa kafin ya biya ladan aiki.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga macuta. Ku huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)