Baƙaƙe masu ƙugiya a kwamfuta: gajeren umurni a madadin kayan ƙari

Tun zamanin keken rubutu, baƙaƙe huɗu ke wahalar da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wasu kan sa ƙugiyar da alƙalami, wasu kan buga b', d', k'. Da kwamfuta ta zo, allon bugawarta na Faransanci ma bai tanadi waɗannan baƙaƙe ba, sai aka koma ga kayan ƙari da ake maƙala wa manhajar rubutu, musamman zanen haruffa na musamman wanda ke ɗora ƙ a gurbin q. Rubutun yakan fito daidai a na'urar da aka maƙala wa kayan. In an kai shi wata, ƙafa ta zama qafa; mai gyara cikin gaggawa kuma ya mai da ita kafa, ma'ana ta sauya.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane baƙi lambarsa, ƙananan da manyan. Saboda haka abin da ake bukata yanzu kaɗan ne: ɗan gajeren umurni, layi goma ko ƙasa da haka, a harshen Python ko da sed, wanda zai bi tsohon rubutu ya musanya q da ƙ, 'y da ƴ kamar yadda ƙa'idar Nijar ta 1999 ta tanada. Fa'idarsa ita ce ana iya karanta shi, a san abin da ya taɓa da abin da ya bari, kuma ba ya daina aiki don an sabunta manhaja.

Amma na'ura ba ta san harshe ba. Takardun gundumomin jihar Maraɗi sukan cakuɗa Hausa da Faransanci. Umurnin da ke mai da d' zuwa ɗ zai lalata d'Aguié nan take. Dole a gaya masa ya tsallake irin waɗannan wurare, ya kuma fitar da jerin kalmomin da ya canza domin mutum ya duba.

Batun karin harshe ya fi wannan nauyi. A Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, inda Tsibirin Gobir take, ana jin ɗiya a inda Kano ke cewa ƴa. Kayan gyaran kalmomi da aka gina a kan daidaitacciyar Hausa za su ɗauki irin wannan a matsayin kuskure, kuma mai bincike ya rasa ainihin abin da ya je tattarawa. Umurnin da aka rubuta don baƙaƙe kaɗai ba ya shiga wannan hurumi. Ko za a daidaita kalma a littafin koyon karatu, ko a bar ta yadda manomi ya faɗe ta, shawara ce ta masu tsara yaƙi da jahilci, wadda ta ƙara muhimmanci tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025.