Lambun Nazarin Tsirrai a Matsayin Makarantar Yara da Iyayensu

Lambun nazarin tsirrai ya sha bamban da gona, ya kuma sha bamban da filin shan iska. Wuri ne da ake tattara itatuwa da ciyayi da furanni daga sassa daban-daban na duniya, a raine su, a rubuta wa kowanne sunansa da ƙasar da ya fito, domin masana su yi bincike a kansu. A da can, masana da ɗalibansu su ne aka fi yi wa tanadi a irin wannan wuri. Amma tun cikin shekarar 1914, lokacin da lambun Brooklyn na birnin New York a Amurka ya keɓe fili inda yara suke shuka kayan lambu da hannunsu, aka fara gane cewa yaro ma yana da rabo a ciki.

Dalilin wannan kuwa ba ƙarami ba ne. A ƙarshen shekarun 1990, wasu malaman kimiyya biyu na Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, suka bayyana wata larura da suka kira makantar tsirrai, watau mutum ya riƙa ganin dabbobi amma idonsa ya wuce tsirrai kamar babu su. Alal misali, idan aka nuna wa yaro hoton zaki kwance a gindin bishiya, zaki kurum zai ce ya gani. Alhali kuwa rahoton da masanan lambun Kew suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa kashi 2 cikin 5 na nau'o'in tsirran duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda bai san sunan abu ba, da wuya ya lura da ranar da abin ya ɓace.

Shi wannan lambu na Kew, wanda yake bakin Kogin Thames a birnin Landan, Gimbiya Augusta ce ta kafa shi a 1759, ya zama mallakar ƙasa a 1840, sa'an nan hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Hanyoyi uku da yake bi wajen jawo hankalin yara sun isa abin lura.

Hanya ta farko ita ce wasa. A 2019 aka buɗe Lambun Yara domin 'yan shekara 2 zuwa 12, aka raba shi kashi huɗu bisa ga abubuwan da tsiro ba ya rayuwa sai da su: ƙasa da iska da rana da ruwa. A nan yaro yakan kutsa cikin surƙuƙin gora, ya tona yashi, ya buga famfo ya ga inda ruwa ya bi. Kafin malami ya faɗa masa a aji cewa shuka tana bukatar ruwa, ya riga ya jiƙa hannunsa da shi.

Hanya ta biyu ita ce a kai ido da kunne inda ba su saba zuwa ba. Tun 2008 akwai wata gada mai tudun mita 18 da ta ratsa tsakanin kawunan itatuwa, yadda yaro zai dubi ganye da tsuntsaye daga sama. Har ila yau, a 2016 aka kafa wani gini mai siffar saƙar zuma, mai tsawon mita 17, aikin Wolfgang Buttress, wanda fitilunsa da sautinsa aka tsara su bisa motsin ƙudan zuma na gaske. Daga nan bayanin yadda ƙudan zuma ke ɗaukar ƙurar fure zuwa wani fure ba ya wuyar shiga.

Hanya ta uku ita ce al'ada. A babban ɗakin gilashin nan da aka gama ginawa a 1848, yara sukan ga bishiyar koko da ta roba da kwakwar manja, su gane cewa cakulan da tayar mota asalinsu itace ne, kuma akwai mutanen da noman su ne abincinsu. A ɗakin zane-zanen Marianne North, wanda aka buɗe a 1882, akwai hotuna fiye da 800 na tsirran ƙasashen da ta ziyarta. Bugu da ƙari, akan yi bikin furannin okid a lokacin sanyi, a sadaukar da shi ga wata ƙasa. Na 2023 na Kamaru ne, na 2024 kuma na Madagaska.

A duk waɗannan, ba a sakin ƙananan yara su kaɗai. Sai da babba tare da su. Wannan tsaro ne, amma amfaninsa ya wuce tsaro. Allon da ke jikin bishiya sunan Latin yake ɗauke da shi, amma sunan da ake kiranta a gida, da maganin da ake yi da saiwarta, da tatsuniyar da ta ambace ta, a bakin iyaye da kakanni suke. Masana ma daga bakin jama'a suka samo irin wannan ilmi. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, daga baya kuma ya haɗa kai da John Hutchinson na Kew suka rubuta littafin tsirran Afirka ta Yamma.

Saboda haka, lambu yana iya tanadar bishiya da gada da famfo, amma ba ya iya maye gurbin babban da zai tsaya ya ce wa yaro wannan kuka ce, waccan tsamiya, ga kuma abin da ake yi da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi da sunayen itatuwa a bakinsa, shi ne gobe zai tambayi dalili idan ya ga an ɗaga musu gatari.