Ko Ka Sani? Hoton Da Ke Cikin Waya Jerin Lambobi Ne

Har yanzu Bahaushe yakan ce za a wanke hoto idan yana nufin a fitar da shi a takarda, lafazin da ya samo asali tun zamanin fim, lokacin da mai hoto ke shiga ɗaki mai duhu ya tsoma fim da takarda cikin ruwan sinadarai kafin siffa ta bayyana. Hoton da wayar salula ko kyamarar zamani ke ɗauka a yau kuwa ba ruwansa da fim, domin abin da na'urar ke adanawa jerin lambobi ne, kuma yawan lambobin da ingancinsu su ne ke sa hoto ya fito tangaran ko ya fito dishi-dishi ranar da aka kai shi wanki.

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti na silikon, wanda a yawancin wayoyi bai wuce faɗin farce ba, an rarraba shi zuwa miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana auna hasken da ya sauka a kansa, ya mai da shi lantarki, sannan a mai da lantarkin lamba. Kowane gurbi yana ba da ɗigo ɗaya na hoton, wanda ake kira fikisel, saboda haka kyamara mai megafikisel 12 tana jera ɗigo miliyan 12, galibi 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Gurbin ba ya tantance launi da kansa, shi ya sa ake lulluɓe farantin da ƙananan matatai masu launi bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, inda rabinsu kore ne, kwata ja, kwata shuɗi, domin idon ɗan Adam ya fi kama kore.

Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro farantin farko na wannan aiki a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka a 1969, abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2009. A 1975 Steven Sasson, injiniya a Kodak, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai nauyin kusan kilo 3.6, wadda ke ɗaukar hoto marar launi mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset.

Matsalar da ta biyo baya ita ce nauyin fayil. Kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace tana da mataki 256, wanda idan aka haɗa su yakan ba da launi sama da miliyan 16, sai dai hakan na nufin hoto ɗaya mai ɗigo miliyan 12 zai ci megabait 36 idan ba a matse shi ba. Maganin da duniya ta runguma shi ne tsarin JPEG, wanda wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar a 1992, ya kuma gina shi a kan lissafin da Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Indiya, ya gabatar a farkon shekarun 1970. Tsarin yana yanyanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 a kwance da 8 a tsaye, ya riƙe bambancin haske da duhu, wanda ido ya fi lura da shi, ya zubar da wani kaso na bayanan launi da ƙananan zane-zanen da ba a cika gani ba. Da haka nauyin hoton yakan ragu kusan sau goma ba tare da mai kallo ya ga canji ba.

Sai dai abin da aka zubar ba ya dawowa. Kwafar fayil daga waya zuwa kwamfuta ba ta rage masa komai, amma duk lokacin da aka gyara hoto aka sake adana shi, ko manhaja irin WhatsApp da Facebook ta rage girmansa domin ya tafi da sauri kuma kada ya cinye data, to an sake matse shi, an sake zubar da wani abu. Wannan ne dalilin da ya sa hoton biki ko na suna da ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu yakan yi kyau a fuskar waya, amma ya farfashe a takarda, har murabba'an nan su bayyana a gefen fuskoki. Masu wankin hoto sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1,200 da 1,800, na bango kuwa ya ninka haka sau da yawa. Launi ma yakan ɗan sauya, domin fuskar waya tana fitar da haskenta ne da kanta, yayin da takarda ke dogara da tawada da kuma hasken ɗakin da ake kallonta.

Akwai kuma wani ɓoyayyen rubutu a cikin fayil ɗin asali, mai suna Exif, wanda ke ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauki hoton, da samfurin wayar, har da wurin da aka tsaya idan an kunna alamar wuri. Wannan rubutu yana taimakawa wajen jera hotuna bisa shekara da wata, amma yana iya nuna wa baƙo gidan mutum, don haka sai a san wanda ake ba cikakken fayil.

Ya kamata duk mai son hotunan iyalinsa su kai ga jikoki ya riƙe fayil ɗin asali yadda kyamara ta ɗauke shi, ya ajiye kwafinsa a wuri biyu aƙalla, tunda waya tana ɓata kuma memori yana lalacewa, sannan idan zai aika wa mai wanki ya tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin kada manhaja ta matse shi a hanya.