Rigar da ke Taɓa Fata: Maharban Borno da Ɗarin Hunturu

Wanda bai san Maiduguri ba sai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da wuya ya yarda cewa a garin nan ana cinikin suwaita da hular sanyi. Amma daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, gari yakan sauya kama. Iska na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshiya ƙamas, ga shi sama babu girgijen da zai tare zafin da ƙasa ta sha da rana. Rana na faɗuwa zafin sai ya tsere. Da azahar ma'auni yana nuna digiri 30 da ɗoriya, da asuba ya sauko 12 ko 13, a fili cikin daji kuwa wani lokaci har ƙasa da 10. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya bar Kukawa zuwa Kano a Disambar 1823, ya rubuta cewa wata safiya sun tarar ruwan da ke cikin salkunansu ya daskare.

Mai ɗaki da bargo yana jin labarin wannan ɗari ne kawai. Wanda ya san shi a jikinsa shi ne maharbi. A da, rani shi ne lokacin farauta: ciyawa ta bushe, dabba ta taru a bakin sauran ruwa, a bi sawun barewa da gada da gwanki. Dajin Sambisa, mai nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri, gandun namun daji ne kafin ya zama sunan da ake ambata da fargaba. Yau naman ya ƙaranta ƙwarai, abin da ya rage ma ya cancanci a ƙyale shi ya hayayyafa, aikin maharbi kuma ya koma wani abu dabam. A watan Mayun 2014 ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri suna neman izinin shiga Sambisa neman 'yan matan Chibok da aka sace, tun daga nan kuma da yawansu suna tare da sojoji da 'yan Civilian JTF, suna nuna hanya, suna gadin ƙauyuka da gonaki. Mutumin da a da yake dakon barewa yanzu dakon mutum yake yi, amma daren ɗaya ne, sanyin ma ɗaya ne.

Abin da ke cutar maharbi ba sanyi ne zalla ba, gumi ne da sanyi ya tarar. Tafiyar yamma da bindiga da gora da jaka, ga rigar layu mai nauyi, dole jiki ya yi zufa. Daga nan sai a iso wurin kwanto a lafe, babu motsi, babu hura wuta domin kada a gan ka. Singiletin da ke jikin maharbi ta auduga ce, auduga kuwa tana shan ruwa ta riƙe, ta manne wa fata. Ruwa yana kwashe zafi daga jiki fiye da yadda iska ke yi har wajen ninki 25. Ga kuma busasshiyar iskar hunturu da ke busar da rigar cikin sauri, duk ɗigon da ya tashi kuma da ɗumin jikin mutum yake tashi. Yadda randar ƙasa ke tsattsafo ta sanyaya ruwan cikinta, haka jiƙaƙƙiyar singileti ke yi wa mai ita. Shi ya sa za ka ga mutum ya jibga kwat a kan suwaita, haƙoransa kuma suna kaɗawa: ya tare sanyin waje, ya kulle na ciki.

Jikin ɗan Adam yana son zama a wajen digiri 37. Idan ya fara rasa zafi, jijiyoyin jinin hannu da ƙafa su ne ke fara tsukewa domin a ceci ƙirji da ƙwaƙwalwa. Yatsu su sandare, makyarkyata ta zo, saiti ya lalace. In zafin ciki ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, tunani ya dagule, barci mai nauyi ya danne mutum. A bakin aiki irin na gadin dare, tun kafin a kai nan ma an yi asara, domin yatsan da ya sandare ba ya cika bindiga da sauri.

Maharban Amurka da Kanada, waɗanda ke hawa bishiya a watan Nuwamba su yi sa'o'i suna jiran dabba cikin ƙanƙara, sun daɗe da gane cewa rigar ciki ita ce tushe. Da yawansu sun koma ga ulun wata tunkiya da ake kira merino. Asalinta Sifaniya ce, inda aka yi ƙarnuka an haramta fitar da ita waje. Ta isa Afirka ta Kudu a 1789, ta isa Ostiraliya a 1797, kuma Ostiraliya ce a yau kan gaba wajen samar da irin wannan ulu.

Bambancinta yana cikin sirantakar gashin. Ana auna kaurin zare da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yakan kai mikron 50 zuwa 100. Ulun da ya wuce mikron 30 ba ya lanƙwasa idan ya taɓa fata, soka yake yi, shi ne ƙaiƙayin tsohon bargon soja da kowa ya sani. Merino da ake ɗinka rigar ciki da shi yana tsakanin 17 da 19, don haka ana sa shi a kan fata kai tsaye. Kowane sili yana da murɗe-murɗe, idan aka saƙa sai iska ta maƙale a tsakani, iskar da ba ta motsi kuwa ita ce ainihin abin da ke riƙe ɗumi. Sannan cikin silin yana shan tururin gumi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, alhali bayansa ba ya son ruwa, sai rigar ta sha laima amma fata ba ta ji ta jiƙe ba. A lokacin da yake shan laimar ma yana sakin ɗan zafi kaɗan. Bushewarsa a hankali take, ba da fizga ba, don haka sanyin nan da ke dirar wa mutum da zarar ya zauna yakan zo da sauƙi.

Akwai wasu fa'idoji biyu da suka fi dacewa da mu. Ulu ba ya saurin kama wuta, kuma ba ya narkewa. Yawancin rigunan sanyi masu araha na roba ne, tartsatsi ɗaya daga wutar jin ɗumi ko daga bakin bindigar toka ya isa ya narkar da su a kan fata. Na biyu, ulu ba ya saurin yin wari ko da an kwana biyu ba a wanke ba, abin da mai kwana daji inda ruwan sha ma aune yake zai yaba. Sai dai kada ɗan kasuwa ya ruɗi kowa da cewa rigar tana ɓoye warin mutum daga hancin dabba. Babu yadin da ke yin haka, maharbi ya fi kowa sanin cewa iska ake fuskanta.

Mai karatu zai ce, ga Balami, tunkiyar da Borno ke alfahari da ita, me ya kai mu Ostiraliya? Balami da Uda da 'Yankasa duk gashi gare su gajere mai kauri, wanda ya dace da zafi, ba ya kaɗuwa ya zama zare. A Afirka ta Yamma tumakin Masina na ƙasar Mali su ne sanannun masu ulu, da shi masaƙan Fulani ke saƙa barguna masu kauri, amma na lulluɓa ne, ba na sawa a fata ba. Ulu mai laushi kuwa tun can baƙo ne a Borno: mulufi da alkyabba ta hanyar Tarabulus da Fezzan da Bilma ayari ke kawo su Kukawa, kayan sarauta ne, ba na talaka ba.

Yanzu hanyarsa ita ce dilar gwanjo. Sabuwar rigar merino ta fi ƙarfin aljihun maharbi nesa ba kusa ba, amma a cikin tulin kayan sanyi da ake zubewa a Kasuwar Monday da Gamboru ana dacewa da ita, wani lokaci a farashin sauran, domin ido yana kan mai kauri, siririya ba ta burge kowa. A duba takardar da ke wuya ko gefen riga, a nemi kalmar merino ko wool. A zaɓi wadda ta kama jiki, mai dogon hannu. A wanke ta da ruwan sanyi, ba murza, ba matsewa da ƙarfi, a shimfiɗa ta a inuwa, domin ruwan zafi da dirza suna tsuke ta. Idan sanyi ya wuce a adana ta a tsabtace cikin leda a ɗaure, saboda asu yana son ulu. Ƙaya ma tana yaga ta da sauƙi, shi ya sa wurinta ƙarƙashin riga ne, a ɗora suwaita, sannan wani abu mai tare iska.

Wanda bai samu ba, ya riƙe singileti ta biyu a jaka, ya cire jiƙaƙƙiyar kafin ya zauna dako, ya kuma rage kaya lokacin tafiya domin kada gumi ya yi yawa tun farko. Duk lokacin da aka tashi maganar tallafa wa maharba da 'yan sintiri, abin da ake lissafawa motoci ne da babura da alawus. Ina ganin ya kamata hukumomi da masu hannu da shuni su ƙara rigar ciki ta ulu da safa da hula a cikin lissafin, a kuma raba su tun watan Nuwamba, kafin jaura ta sauka.