Kafin ka sayi kwamfutar gida, fara leƙa shagon mai gyara

Kwamfutar da na yi shekara huɗu ina aiki da ita ta ɗauke cak wata rana da yamma, ina tsakiyar gyaran wani labari. Washegari na kai ta wani shago a Wuse, a nan Abuja. Mai gyaran ya kwance ta, ya duba, sannan ya nuna min inda matsalar take: ƙwaƙwalwarta, wato RAM, a narke take jikin babban allon ciki, ba irin wadda ake zarewa a sauya ba ce. Sai dai a canza allon gaba ɗaya, kuma samfurinta ba ya yawa a kasuwa. Mako uku na yi ina jiran kaya daga Legas, kuɗin da na kashe kuwa ya kusa sayen wata ta hannu.

Da na kai masa ita ranar da zan saya, da cikin minti biyar ya gaya min wannan. Akasarinmu sai kaya ya lalace muke neman mai gyara, alhali shi ne ya fi kowa sanin wace kwamfuta ce ke yawan dawowa teburinsa, wacce ce kuma ake samun kayanta ba tare da wahala ba.

Kwamfuta a gida ta daina zama kayan alatu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzami ba yana shiga ɗakin jarrabawa ne da nauyi biyu a kansa. Ga neman aiki, ga rajistar makaranta, ga aikin ofis da ke bin mutum har gida. Sai dai tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ma'aikaci mai matsakaicin albashi. Shi ya sa jama'a suka koma ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda ke cike da shagunan Banex a Wuse 2, da kasuwar Computer Village ta Ikeja, da Titin Beirut a Kano.

Sayen ta hannu ba aibu ba ne. Da yawansu kwamfutocin kamfanoni ne da aka yi ritayarsu bayan 'yan shekaru, irin su Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook. An ƙera su ne don su jure aiki, a kuma iya kwance su da sukurdireba. Saboda yawansu, batir da madannai da gilashinsu suna nan a kusan kowace kasuwa. A ganina tsohuwar Latitude mai lafiya ta fi sabuwar siririyar kwamfuta mai injin Celeron da ma'ajiyar gigabait 32 ko 64, wadda za ta cika tun kafin a gama ɗora mata manhajoji.

Amma akwai tarkon da mai saye ke yawan faɗawa. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce," kai kuma ka ji daɗi, domin bakwai ta fi biyar. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye. Idan an rubuta i7-4600U, wannan zubi na huɗu ne, na shekarar 2013. Idan kuwa i5-8250U ce, zubi na takwas ke nan, na 2017, kuma ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Wannan bambanci ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. A hukumance Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan injinan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Masu shago sun iya tura ta da dabara a kan tsofaffin injina, kuma za ta tashi, amma babu tabbacin za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya sayen tsohuwar ya ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, in dai rubutu da shiga intanet ne buƙatarsa.

Bayan inji, a nemi RAM ta gigabait 8 da ma'ajiyar SSD ta aƙalla gigabait 256. Tsohon faifai mai juyawa shi ne ke sa kwamfuta nawa, kuma sauya shi da SSD na daga cikin gyare-gyaren da suka fi biyan kuɗinsu. A gwada kowane madanni, a buɗe farin shafi a duba ko akwai tabo a gilashi, a cire caja a zauna na ɗan lokaci a ga yadda batir ke sauka. A kuma shiga BIOS a gaban mai shago. Idan ta nemi kalmar sirri kuma bai san ta ba, a ajiye masa kayansa.

Gidan da yara ne za su fi amfani da ita, kwamfutar tebur irin Dell OptiPlex ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, ba ta kuma faɗuwa daga kan gado. Illarta ita ce wuta: ba ta da batir, sai an haɗa ta da UPS.

Wuta da ƙura ne ma ke kai yawancin kwamfutoci asibiti a ƙasar nan. Lokacin da ake sauyawa daga janareto zuwa wutar NEPA, ko aka dawo da ita da ƙarfi, nan caja da allon ciki ke ƙonewa, musamman in cajar jabu ce. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa sauran. Kai ta a share mata ciki sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, ya fi jiran ranar da za ta fara kashe kanta.

Sai batun amana, wanda masu gyaran kirki ma ba sa jin haushin a tayar da shi. Akwai ɓata-gari da ke zare RAM ko batir mai kyau su mayar da mai rauni. Kafin ka miƙa kwamfuta, rubuta lambarta da girman RAM da na ma'ajiya a takardar shaida, ku sa hannu ku biyu. Kwashe hotunan iyali da takardun banki zuwa wata ma'ajiya, ka fita daga imel da WhatsApp. Ka nemi a faɗa maka matsalar da kuɗinta kafin a taɓa komai, a kuma ba ka tsohon kayan da aka cire.

Wadda nake rubutu da ita yanzu ThinkPad ce ta hannu. Mai gyaran nan na Wuse na ɗauka muka je shagon tare, na biya shi ladan rakiya. Uku ya kwance ya mayar kafin ya ce a ɗauki ta huɗu.